Bashin da Inna Ta Rubuta a Bango

Ni ɗan fari ne, don haka har Allah ya karɓi ran mahaifiyata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aike ni, sai ta dubi wajen da nake ta ce "kai", ko ta ce da ƙanwata, "Gaya wa wancan ya zo." Duk wanda ya tashi a ƙasar Karaye a shekarun 1980 ya san wannan alkunya ce, kuma macen da ta rasa ta sai an yi da ita a gidan biki. Sai dai yaro ɗan shekara bakwai bai san alkunya ba. Abin da ya sani shi ne ya ɗebo ruwa, ya share garken awaki, ya koro tumaki kafin magariba, babu wanda ya ce masa sannu. A gidanmu, kamar yawancin gidajen unguwarmu, laifi ne kaɗai ke da murya. In ka yi daidai, ladanka shi ne ba a dake ka ba. Manya na cewa yabon yaro a gabansa yana lalata shi, yana kuma jawo masa baki.

Zamanin ma na bulala ne. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, muna jin labari a zaure yadda sojoji ke sa magidanta tsallen kwaɗo a birni saboda makara ko ƙin bin layi. A firamare akwai tsumagiya, a makarantar allo akwai dorina. Babu wanda ya ɗauki hakan zalunci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka kowa ke faɗa, kuma hanyar tanƙwarawa ɗaya aka sani.

Inna 'yar ƙasar Rogo ce, daga wani ƙauye da ke dab da iyakar Kaduna, inda rake ke cika fadama, da rani ƙamshin mazarƙwaila ya game gari. Daga can ta zo da sana'ar uwarta, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta kuma zo da irin lissafin uwarta. Ba ta yi boko ba, ajamin ma ba ta rubuta shi, amma ba a taɓa cin ta kwabo ba. A bayan ƙyauren ɗakinta akwai zanen gawayi layi-layi. Kowace mai karɓar bashi da gurbinta, kowace kwalbar mai da ɗan sandanta. Ran da aka biya, ta sa yatsa ta goge.

Wata rana da hantsi ta aike ni da mai wani gida a can bayan kasuwa. Na dawo da canji cif, ban taɓa ko sisi ba, alhali na wuce ta gaban mai alewa. Ta ƙirga kuɗin, ta ɗaure a bakin zane. Sai na ga ta ɗauki guntun farar ƙasa, ta nufi bangon madafi da ke kallon tsakar gida, ta ja sanda ɗaya fari tas. Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi ƙanwata, ta ce, "Wannan bashi ne ake bi na. In sun kai goma, mai shi ya zo ya karɓi sulensa."

Na tsaya ina kallon zanen nan har hayaƙin tuya ya sa idona ruwa.

Kafin mako ya zagayo, layuka sun zama huɗu: nawa, na ƙanwata, da na 'ya'yan Amarya biyu, mace da namiji, domin Inna uwargida ce, kuma ba ta yarda a ce ta ware nata ba. Abubuwan da ke jawo zane sanannu ne. Tashi sallar asuba ba tare da an yayyafa maka ruwa ba. Cika randa kafin rana ta yi zafi. Biya allonka har Malam ya ce ka wanke. Faɗin gaskiya ran da ka fasa kwano. Wannan na ƙarshe zane biyu take ba shi, mu kuwa muna mamaki, mutum ya yi ɓarna kuma a biya shi.

Doka ɗaya ta kafa da ko Baba bai iya karya ta ba. Ran da na yi dambe a bakin rijiya har aka kawo ƙara, Baba ya shigo a fusace, ya nuna bango ya ce a goge mini uku. Inna tana durƙushe tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Malam, abin kirkin da ya yi ya riga ya yi shi. Laifin yau a yi masa hukuncinsa daban." Na sha tsumagiya a ranar, amma da na fito ina share hawaye, zanena na nan yadda na bar su. Ban san me ya sa hakan ya sanyaya mini zuciya ba. Yanzu na sani: bangon ya shaida cewa laifin yini ɗaya bai cinye ni duka ba.

A lokacin na ɗauka sulen nake so. To amma daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarinta na gyaran tattalin arziki, kaya suka yi ta tashi, sule ya daina sayen abin da yake saya. Wani lokaci ma Inna ba ta da shi, sai ta biya mu da dunƙulen tunkuza ko ƙuli mai zafi. Duk da haka ba mu fasa ba. Da daddare, in farin wata ya fito, farar ƙasar nan takan yi haske a jikin baƙin bango, in fito kamar zan zaga bayan gida, in tsaya ina ƙirgawa da yatsa. Kowane zane yana nufin akwai lokacin da matar nan da ba ta kallona ta kalle ni. Abin da al'ada ta hana bakinta, hannunta ya faɗa.

Kuma ba wani baƙon abu ta ƙirƙiro ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa yaro yana son ganin ƙoƙarinsa da idonsa. Ɗan makarantar allo yana ganin tafiyarsa a jikin allonsa, daga babbaƙu zuwa farfaru, daga gajerun surori zuwa dogaye, ana yi masa sadakar abinci in ya kai wasu wurare. Ran da ya sauke izu sittin kuwa, a kai allo wajen mai zayyana, a ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, ya rungume shi ya zaga dangi ana ba shi kyauta. Mun ga irin waɗannan alluna a Karaye, mun bi masu su a baya da baki buɗe. Inna ta ɗauko wannan hikima ne ta shigo da ita tsakar gida.

Yanzu zan gaya maka abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ƙanena ɗan Amarya yaro ne siriri mai yawan dariya, idonsa kullum da ruwan ɗorawa. Tun yana rarrafe hannuwansa da ƙafafunsa ke kumbura. Da hunturu, ko in ruwan sama ya dake shi, sai ya kwanta yana murƙususu yana cewa ƙashinsa ake sara. Wasu suka ce amosani ne, wasu suka ce shawara, wasu suka ce iska. An yi jiƙo, an yi rubutu, an yi turare. Ba ya iya ɗaukar tulu, ba ya iya bin tumaki. Layuka huɗun nan sai suka zama kamar kunyoyin gona da aka fara tare, uku suka yi nisa, ɗaya ta tsaya a bakin gona. Duk wanda ya shigo gidan yana gani. Mata masu zuwa sayen mai sukan tambaya, "Wannan gajeren na wane ne?"

Azumin 1987 ya kama a ƙarshen watan Afrilu, tsakiyar bazara. Ina tuna daren da aka ji a rediyo Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya sanar da ganin wata, yara muka ɓarke da ihu a lungu. Shekarun nan ba a gina madatsar ruwa ta Challawa ba, wadda sai a 1992 aka kammala ta, kuma da bazara kogin kan koma yashi, sai an tona ake samun ruwa. Rijiyoyi sun ja baya, guga na fitowa da laka. Daga hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, iska ba ta motsi, hadari ya taso ya baje ba ɗigo.

Inna ta buɗe sabon wuri a bangon don azumi. Wanda ya kai magariba, cikakken zane. Wanda ya kai azahar, rabi, gobe in ya ƙara a ɗinke masa su zama ɗaya, kamar yadda iyaye ke gaya wa yara tun kaka da kakanni. Ta ce wanda ya cika goma, da shi za a je wajen tela ya zaɓi aikin wuyan rigar sallarsa da kansa. Ƙanena kuwa aka ce babu shi a ciki. Inna ta faɗa, uwarsa ta faɗa, Baba ya nanata.

Daga baya muka ji yadda ya yi. In an ba shi kunun safe, sai ya zaga bayan rumbu ya juye wa akuya. Wata magariba, ana shirin shan ruwa, ya zo gaban Inna ya fito da harshensa, busasshe fari, ya ce, "Inna, na kai." Na ga hannunta ya tsaya a kan ludayi. Ta dubi Amarya, Amarya ta sunkuyar da kai. Yaron ya yi azumi da gaske, ita kuma ba ta taɓa hana mai haƙƙi haƙƙinsa ba. Ta ja masa zanen, ta ce, "Wannan ya ishe ka. Kada ka sake." Ya yi tsalle. Sannan ya ja da baya ya dubi zanensa guda a ƙarƙashin namu, tsallen ya tsaya.

Ba a jima ba ya sake. An fara tashe a lokacin, ina jin gangar gwangwani ta yara daga nesa suna gwaji. Bayan la'asar ne. Muna zaune a inuwar zaure, ya tashi zai shiga gida, sai ƙafafunsa suka ƙi. Ya faɗi. Ya yi wata irin ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, ya dafe ƙirji, ya dafe cinya, ya rasa inda zai dafe. Leɓensa ya tsage. Jikinsa zafi rau. Amarya ta fito da gudu ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Inna ta ɗebo ruwa a moɗa ta kai bakinsa, yaron nan, cikin wannan azaba, ya datse haƙora yana kau da kai yana cewa, "Saura kaɗan, Inna, saura kaɗan a kira salla."

Baba ya samo a-kori-kura a bakin kasuwa, aka shimfiɗa tabarma a baya, suka tafi asibiti. Mu aka bar mu da kwanon ƙosai da ba wanda ya taɓa. Aka kira magariba, aka yi asham, gidan shiru. Na kwanta ina sauraron kowace mota, ina jiran in ji kukan mata daga bakin zaure, domin a unguwarmu haka labarin mutuwa ke shigowa. A daren na fara sanin cewa yaro ma yana iya mutuwa, wanda kuka ci tuwo kwano ɗaya da shi jiya.

Allah ya yi da sauran kwanansa. An yi masa ƙarin ruwa, an kwantar da shi, aka gwada jininsa. A nan gidanmu ya fara jin kalmar sikila. Malamin asibiti ya yi wa Baba bayani cewa ciwon gado ne daga uwa da uba, ƙwayoyin jinin kan lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, kuma babu abin da ke tayar da shi kamar ƙishirwa, da sanyi, da zazzaɓi. Ran da Amarya ta dawo ɗaukar kaya, ta tsaya a tsakar gida, idonta ya kumbura. Mace ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba. Ta dubi bangon ta ce, "Yaya, wannan ne ya kusa kashe mini ɗa."

Inna ba ta ce uffan ba. Da dare ya raba na ji motsi, na leƙa ta labule. Tana tsaye da fitilar ƙwai a ƙasa, da tsumma da ƙwaryar ruwa, tana goge bangon. Ta fara da nawa, wanda ya fi kowanne tsawo. Kafaɗunta na rawa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Ni da na sha ƙishirwar bazara, ni da aka ce ba a goge abin kirki, ga shi an shafe ni da tsumma saboda laifin da ban yi ba. Na daina cin abincinta da marmari. Ban gane cewa ta fi ni asara ba. Hanya ɗaya tak da take da ita ta yi magana da ɗanta na fari, ita ta goge da hannunta don ɗan kishiyarta ya rayu.

Bayan salla ta nemi izinin Baba ta je ganin gida, ta tafi da ni. Motar Rogo ta yi ta tangal-tangal da mu a hanyar da ruwan farko ya fara ɓatawa, manoma na ta shuka dama da hagu. Kaka ta tarbe ni da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika, "Maigida, ka zo ba ko goro?" Da daddare ina kwance kamar mai barci, Inna ta kwashe labari ta gaya mata. Kaka ta daɗe tana taunar goro, sannan ta ce, "Ke da kika ga inda nake rubuta bashina. A bayan ƙyaure yake. Kin taɓa ganin na rubuta shi inda maƙwabciya za ta karanta na maƙwabciya? Kuma mai kwalba da mai gwangwani ba mudu ɗaya ake auna musu ba." Ta ƙara da cewa ko matan sahabbai da ke koya wa yaransu azumin Ashura, 'yar tsana ta ulu suke yi musu su ɗauke musu hankali, ba tsere suke haɗa su ba. Ta ji wannan a wajen wa'azi, ni kuma daga baya na same shi a Bukhari da Muslim, daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu.

Da muka dawo Karaye, farar ƙasa ta dawo, amma ta bar tsakar gida. Nawa zanen ya koma bango ta wajen kan shimfiɗata. Na ƙanwata a bayan tukunyar ɗakin Inna. Na ƙanena, Inna ta miƙa wa Amarya guntun farar ƙasa ta ce, "Ke za ki riƙa ja masa, a ɗakinki." Kowa kuma da abin da ake auna shi da shi. Ni ruwan randa da haƙuri a bakin rijiya. Shi kuwa, duk moɗar ruwan da ya shanye zane ce. Sa rigar sanyi da hunturu zane ne. Haɗiye ƙwayar asibiti ba kuka zane ne. Da azumi ya zagayo, aka ba shi aikin kai kunun sadaka masallaci kafin magariba, yana tafe a hankali da langa a ka, dattawa na sa masa albarka. A shekarar, yaron da ya kusa mutuwa don ƙin shan ruwa, da shan ruwa ya cika gomansa, ya je wajen tela ya zaɓi aikin wuyansa.

Shekaru bayan haka, ina karatun malanta a Kumbotso, aka koya mana B. F. Skinner na Jami'ar Harvard da ra'ayinsa cewa halin da aka saka wa da lada yakan maimaitu. Aka kuma ba mu labarin wani gwaji da Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka wallafa a 1973, a kan yaran wata makarantar reno ta Jami'ar Stanford a Amurka. Yara ne masu son zane. Aka yi wa wasunsu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu aka ba su ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawari su ne sha'awarsu ta ragu. Ina zaune a aji ina jin wannan, hankalina na bangon madafi. Na gane dalilin da ya sa namu bai mayar da mu 'yan kwadago ba. Ladan ƙarami ne ƙwarai, bai kai ya zama dalilin aiki ba, kuma a hankali ya ɓace. Mun daina zuwa karɓar sule tun kafin a daina zanen, zanen ma ya tsaya ba wanda ya lura da ranar. Sallar asuba da mayar da canji suka zauna.

Ƙanena yana nan da ransa. Tela ne a Rogo, da iyalinsa, kullum da gorar ruwa kusa da kekensa. Malamai sun ba shi fatawa tun da daɗewa, ciyarwa yake yi a madadin azumi. Da Jihar Kano ta yi dokar gwajin jini kafin aure a 2024, shi ya fara kira na a waya yana murna, yana cewa da an yi haka tun da, da yara da yawa sun huta.

Yau ina ganin iyaye matasa suna sayo takardu masu gidaje-gidaje da taurarin mannawa daga Kano, suna liƙawa a falo, sunan kowane yaro a jere da na ɗan'uwansa. Ina murna da hakan, domin gidan da ake lissafa alheri ya fi gidan da ake lissafa laifi kaɗai, kuma na san abin da zane ɗaya ya yi wa zuciyata. Amma duk wanda ya nemi shawarata, abin da Kaka ta gaya wa Inna nake gaya masa. Ka raba takardar, kowa ya ga tasa shi kaɗai. Ka auna yaro da jiyansa. Kada ka ƙwace tauraron da ya riga ya samu. Kuma kafin ka manna na farko, ka dubi yaron da ya fi kowa rauni a gidanka, mai ciwo ne, ko mai nauyin karatu, ko maraya da ake riƙo, ka tambayi kanka me zai yi wa jikinsa don ya kamo 'yan'uwansa. Na ga yaro ɗan shekara takwas ya datse haƙora ya ƙi ruwa yana bakin mutuwa saboda zanen farar ƙasa. Abin da ke da wannan ƙarfi a zuciyar yaro, wajibi ne a riƙe shi da tsoron Allah.